Tunau Ya Zo A Canje Shi

Ku rage fitilar nan. Wanda ya san shi matsoraci ne ya tashi tun yanzu, don ba zan raka kowa bayan gida ba.

Saje Bagudu tsohon soja ne, cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa a jirgin ruwa zuwa yaƙin Bama. Ya dawo da lambobin yabo uku, ya kama gadin wani siton gyaɗa a bayan tashar jirgi. Kowace shekara, ranar tunawa da mazan jiya, sai ya goge takalmansa na soja har suna ɗaukar ido, ya ƙame a gaban dutsen da aka rubuta sunayen waɗanda ba su dawo ba. A busa bigila, a yi shiru. Kuma kowace shekara wata tsohuwa, Inna Tabawa, sai ta tare shi. Ɗanta ɗaya tal, Tunau, sunansa na jikin dutsen.

"Saje, sake faɗa mini yadda ya cika."

"Harsashi ɗaya, Inna. Da kalmar shahada a bakinsa. Ni na binne shi da hannuna."

Sai ta yi ta sa masa albarka. Baiwar Allah!

Ƙarya yake, wallahi, ƙarya tsagwaronta. Ga abin da ya faru. A bakin kogin Kaladan, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka harbi Tunau a cinya. Kyaftin ya ce a ja da baya kafin asuba, a ɗauko duk mai sauran numfashi. Ɗaukar mutum a wannan taɓo tafiyar hawainiya ce, ga sojan Japan a bayansu. Tsoro ya kama Bagudu. Ya jingina Tunau da wata bishiya a mashigar ruwa. Ya zare masa takalma, wai ƙafa ta sha iska, alhali nasa ne suka ruɓe. Ya tsinke lambar da ke wuyansa. Sannan ya ce masa, "Kai ne mai gadin mashigar nan. Kada ka motsa sai na zo na canje ka."

A aikin soja, wanda aka sa gadi ba ya barin wurin sai an kawo canjinsa. Tunau ya ce, "To, Saje."

Bagudu ya miƙa wa Kyaftin lambar, ya ce yaro ya mutu. Takalman da yake gogewa yana zuwa fareti, na Tunau ne.

Shekara goma sha bakwai suka shuɗe. Ranar nan an tashi fareti, Inna Tabawa ta sa albarkarta, dare ya yi. Bagudu ya kama hanyar aiki ta cikin kwarin bayan tasha, bai ko sake takalma ba. Shi kaɗai.

Sai ya ji taku a bayansa. Ƙaf. Ƙaf. Hagu, dama. Ya tsaya, takun ya tsaya.

Wari ya buso. Warin ruɓaɓɓen ganye da taɓo. Alhali kaka ce, wata biyu ba a ga ɗigon ruwa ba. Hancinsa ya gane warin nan kafin shi ya gane.

"Bagudu."

Kowa ya san ba a amsa kiran dare. Shi ma ya sani. Ya ja bakinsa ya ƙara sauri, yana addu'a a zuci.

"Saje."

Bai amsa ba. Amma ya karkata tocila ƙasa, ya saci kallo ta gefe. Ƙafafu biyu. Ba takalmi. Sun kumbura sun yi fari fat, kamar rogon da ya kwana a ruwa. Matsattsaku sun maƙale a ƙwauri, sun ƙoshi. Ƙafa ba takalmi, amma ƙarar takalmi take yi.

Ga fitilar sito can, bai fi taku talatin ba. In ya daure bai amsa ba, ya tsira. Ashirin. Goma sha biyar.

Sai muryar ta canja. Ta tashi da ƙarfi, a tsaye, irin ta kiran suna a bariki da sassafe:

"Uku, bakwai, huɗu, ɗaya, tara!"

"Sa!" in ji Bagudu, irin amsar soja ga na gaba da shi.

Dugadugansa suka haɗu, ƙaf. Kaico! Lambarsa ce ta soja, shekara ashirin ya yi a bariki yana amsa ta. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ka amsa," in ji muryar, a hankali, dab da ƙeyarsa.

"Tunau. Ka dubi Allah."

"Na tsaya, Saje. Ruwa ya dake ni, na tsaya. Kiyashi suka hau ciwon, na tsaya. Kwana huɗu ina numfashi ina duban hanya."

"Tsoro ne, Tunau. Zan gaya wa Inna gaskiya. Gobe, gobe zan…"

"Ba bayani na zo ji ba. Canji na zo. Cire mini takalmana."

Ya sunkuya ya kwance igiya, ya cire su. Ƙasar da ya taka busasshiya ce ɗazu. Yanzu ta nutse da shi har idon sawu, sanyi ƙalau.

"Kai ne mai gadin mashigar nan," in ji Tunau. "Kada ka motsa sai na zo na canje ka."

"Yaushe za ka zo?"

Takun kawai ya ji ya nufi cikin gari, ba sauri, ba waiwaye.

Da gari ya waye leburorin gyaɗa suka same shi a ƙame tsakiyar kwari. Jiƙe sharkaf. Taɓo har gwiwa, matsattsaku a ƙwauri, ga ƙasa ƙeƙasasshiya ta ko'ina. Idonsa a buɗe, yana numfashi, hawaye na zuba. Ƙarti huɗu suka kama shi, ko gezau. Malamai suka yi tofi har bakinsu ya bushe.

Da hantsi sai ga Inna Tabawa da sandarta, rungume da takalman soja. A bakin ƙofarta ta tsince su da asuba, kuma da alama wanda ya ajiye su bai tafi ba sai da ya yi mata magana. Ta daɗe tana kallon mutumin da ta shekara goma sha bakwai tana sa wa albarka. Wani ya ce, "Inna, ki yafe masa ko a samu ya kwanta."

"Ku bar shi," ta ce. "Ba a canje shi ba tukuna."

Ta juya abinta. Kwana huɗu ya yi a tsaye, na biyar rai ya yi halinsa.

An binne gawar, amma masu aikin dare a tasha sun ce har yau akwai mai tsayuwa a kwarin nan, kuma ya gaji. Canji yake nema, bai damu da ko wane ne ba. Don haka kada in ji ɗayanku ya bi ta can shi kaɗai. In kuwa ƙaddara ta kai ka, ka ji an kira ka, ko da muryar uwarka ce, ka cije leɓenka ka wuce.