Akwatin Da Lokacinsa Ya Motsa

Mota cike da magunguna ta fita daga kamfanin, ba ta dawo ba. Masu sayen 'yan damfara ne.

Ko da Sufeto ya iso, saje ya riga ya sa wa mai kula da sito ankwa. Tana zaune a kan kwali, idonta a bushe.

Manaja ya ce, "Hedkwata ta aiko mata imel da safe cewa kada ta saki kayan. Ta karanta, ta saki. Bakinsu ɗaya da ɓarayin."

"Wallahi ban ga saƙon nan ba, Yallaɓai," in ji ta.

"Wa ya ce ta karanta?" in ji Sufeto.

"Injiniya. Shi ke kula da kwamfutar da ke riƙe da saƙonninmu duka."

Ɗakin kwamfutar ƙarami ne, ga sanyi, ga ƙugin fanka. Injiniya matashi ne, siriri, bai ko tashi ba. Ya juyo da allon.

"Kowane ma'aikaci da akwatinsa, ranka ya daɗe. Da zarar an buɗe, kwamfuta ta rubuta lokaci. Ga nata. An buɗe kafin motar ta fita. Na'ura ba ta ƙarya."

"Mutum fa?"

Injiniya ya yi murmushin da bai kai zuci ba.

Manaja ya tsoma baki. "Gara da kwamfutar nan ta yi rana yau. Tun da aka canza mata faifan ajiyar bayanai take ba mu ciwon kai. Ka karanta saƙo, ka dawo ka tarar tana cewa sabo ne. Har matata ta ce ni ma haka nake, in ta maimaita magana sai in ce yau na fara ji."

Babu wanda ya yi dariya. Sufeto ya juyo a hankali.

"Me ya jawo haka, Injiniya?"

"Ƙaramar matsala ce."

"Nuna min lokacin akwatin Manaja."

Injiniya ya danna madannai. Ya nuna. Lokacin na watan jiya ne.

"Manaja, buɗe saƙonka yanzu, a gabana."

Ya buɗe a wayarsa. Suka zuba wa allon ido. Lokacin bai motsa ba.

"Na akanta." Watan jiya. "Na sakatariya." Watan jiya. Duk rana guda, ranar da aka canza faifai.

"Wa ya hana ta rubuta lokacin buɗewa?"

"Ni. Don ta ƙara sauri. Kowa ma haka yake yi."

"To, duk gidan nan agogo ya tsaya, sai na baiwar Allah guda. Ita kwamfuta ta fi so?"

Sufeto ya ƙwanƙwasa allon da yatsa.

"Da hannu aka rubuta lokacin nan. Wanda ya rubuta ya manta da abin da ya kashe da kansa."

Sufeto ya sa aka shigo da matar. Ya tambaye ta ko akwai wani abu tsakaninta da Injiniya.

Ta kalli Injiniya. "Yayansa direbanmu ne. Na kama shi yana zuƙar man mota, na kai ƙara. Aka kore shi."

Injiniya ya miƙe, kujera ta kife.

"Faɗi sauran mana! Ya durƙusa miki a gaban leburori. Kika ce ya tashi yana ɓata miki ƙasa. Ya yi yawon neman aiki har zuciya ta kashe shi. 'Ya'yansa a ɗakina suke kwana!"

"Sai ka haɗa kai da ɓarayi?" in ji Sufeto.

"Ban san su ba. Na ga saƙon ya shigo, na ɗauke shi daga akwatinta. Da motar ta fita na mayar, na buga masa lokaci. So nake ta durƙusa ita ma, a ƙi kallonta."

"Ban durƙusa ba," ta ce.

"Saura kaɗan, Anti. Saura kaɗan."

Sufeto ya yi wa saje alama. Saje ya kwance ankwar daga hannunta, ya ɗaura a na Injiniya. Ƙarfen bai ko huce ba.

A bakin ƙofa Injiniya ya waiwayo.

"Yaran fa?"

Matar tana murza wuyan hannunta. Ba ta ɗago ba.