Karatun da Saifullahi Ya Yanke

Aikin bai ma kai a kira shi aiki ba. Kwafe fayiloli ne daga tsohon faifan ajiya zuwa sabo, abin da Saifullahi ke yi yana ɓarar gyaɗa. Shi ya sa sai da la'asar ta yi sanyi ya tashi mashin daga Makarfi ya nufi Gazara. Lokacin kaka ne, hanya duk ƙamshin mazarƙwaila. Fitilar mashin ɗin ta mutu tuntuni, don haka dole ya juyo kafin duhu.

Saifullahi ya iya kwamfuta, wannan ba mai ja. Linux yake sa wa mutane, irin mai baƙin allo da farin rubutu, ba hoto ba kwalliya. Matsalarsa guda ce, bai iya jira ba. Mutumin da ko shayi a tsaye yake sha yana zagin zafinsa.

Kwamfutar tana ɗakin karatun marigayi Malam Muhammadu Lawal. Saifullahi ne ya kafa ta bara, ya juye mata duk kaset-kaset ɗin karatun Malam. Kaset ɗin kuwa damina ta gama da su. Yanzu faifan ya fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera a rumbu, kuma in ya mutu, muryar Malam ta tafi ke nan.

Malama Raudatu, 'yar marigayin, ita ta tare shi a ƙofar zaure. Aka gaisa, ta tambayi mahaifiyarsa, ta tambayi hanya, ta tambayi sana'a. Yana amsawa yana kallon rana.

"Ka makara, Saifu," ta ce. "Zauna a yi magariba. Bayan nan ɗakin naka ne."

"Malama, fitilata ba ta yi. Yanzun nan zan gama."

"Akwai mutane a ciki."

Ya leƙa ta taga. Tabarmi, buzun Malam, kwamfuta a kan ɗan benci. Ko kaza babu.

Ta rage murya. "Tun Malam na da rai, kafin magariba yakan rufe ƙofa ya yi karatu. Ba mu taɓa ganin ɗaliban ba. Da ya rasu aka daina. Da ka kawo na'urar nan aka ci gaba."

"To ashe zan ƙara kuɗin aiki," in ji shi, "tunda aji biyu ne, na mutane da na ɓoye."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Karatun ƙarshen nan dai ka kula min da shi. Can wajen ƙarewa ya yi tari, ya ce, Raudatu, kawo ruwa. Duk kaset ɗin nan, a nan kaɗai ya kira sunana."

Tana shiga cikin gida alwala, ya tura ƙofa ya shige. Ko sallama babu.

Muryar Malam na fita daga sifika a hankali, tsohuwar murya mai ɗan kaushi. Saifullahi ya yi tsaki. Yaran gida ne suka kunna suka manta, ya ce a ransa. Ya durƙusa gaban benci ya jawo kibod.

Faifan da ke shirin mutuwa ba a kwafe shi ana amfani da shi. Sai an sallame shi daga na'ura tukuna. Ya rubuta umarnin sallama. Na'ura ta ce a'a, faifan yana hannun wani.

Ya nemi wanda ke riƙe da shi.

A Linux duk aikin da ke gudana yana da lamba, yana da sunan mai shi, yana da aikin da ya haife shi. Wannan yana da lamba. Gurbin mai shi fayau. Gurbin wanda ya haife shi ma fayau. Fayil ɗin da ya buɗe kuwa shi ne karatun ƙarshe.

Mai hankali a nan zai tsaya. Amma muna maganar Saifullahi ne.

Hanya biyu ake tsayar da aiki. Akwai ta mutunci, ka aika masa saƙo cewa ya tattara, ya rufe abin da ya buɗe, ya fita da ƙafarsa. Akwai kuma kill -9. Wannan ba ta magana da aikin ko kaɗan, sare shi take yi a inda yake tsaye. Duk wanda ya koyi abin nan an ce masa ya fara da ta farko. Saifullahi ya sani sarai. Ya kalli taga, rana ta yi ja.

Ya rubuta kill -9, ya sa lambar, ya buga.

Muryar Malam ta yanke a tsakiyar kalma.

Shirun da ya biyo baya ba na ɗakin da ba kowa ba ne. Irin shirun nan ne na taro, idan wani ya yi ɓaranɓarama kowa ya juyo.

Tabarma ta yi ƙara a bayansa.

Wata ta yi a dama. Wata can jikin bango. Kamar mutane da yawa suna gyara zama.

Ƙamshin mazarƙwaila ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohuwar tawada.

Ƙofa ta rufu a hankali. Ba iska.

Ya ce a ransa, tashi. Ya yunƙura zai miƙe.

Sai aka kama wuyan hannunsa na dama. Yatsun sun yi tsawo, sun zagaye hannun har sun haɗe sun wuce. Ba sanyi, ba zafi. Bushewa, kamar karan dawa.

"Malam bai rufe karatu ba."

Raɗa ce, dab da kunnensa.

"Bai rufe ba," aka maimaita daga wata kusurwa. Sai daga wata. Har da ƙaramar murya, ta yarinya.

"Zan mayar," in ji Saifullahi. Shi kansa bai gane muryarsa ba. "Yanzu zan mayar."

Da hannun hagu ya lalubi kibod. Ya kunna fayil ɗin, ya tura shi gaba. Muryar Malam ta dawo, ta yi 'yan kalmomi, ta yanke a wuri guda.

Ya duba girman fayil ɗin.

Ya ragu.

Tsayar da aikin da ke kunna fayil ba ya cin fayil ɗin. Ya san wannan kamar sunansa. Amma ga shi a allo, daga inda ya sare zuwa ƙarshe babu komai.

Yatsun suka ƙara matsewa. Wani abu ya yi ƙas a cikin hannunsa.

Can nesa ladan ya fara kira.

An matso. Yana jin kafaɗu a jikin kafaɗunsa, gwiwoyi a bayansa. Hasken allo bai nuna kowa ba, sai buzun Malam da ya lotsa a gefe, inda wani ya dafa.

"Saifu."

Malama Raudatu ce, daga bayan ƙofa. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kada ka juya. Ba sa tashi sai Malam ya yi addu'ar rufewa. Ka ji ni?"

Addu'ar tana cikin abin da ya goge.

Gumi ya shiga idonsa. Faifan yana ƙas, ƙas, ƙas. Malam kullum da addu'a yake rufewa. Kullum. Ke nan tana ƙarshen kowane fayil.

Ya zaɓi wani karatun. Yatsun hagu suna zamewa, ya rubuta ba daidai ba, ya goge, ya sake. Ya tura can kusa da ƙarshe.

Bai kai ba. Ya faɗo daidai inda Malam ke dariya, wata doguwar dariya ta tsofaffi. Ta cika ɗakin. Ba wanda ya taya shi.

Hannun dama ya daina jin komai.

Ya ƙara turawa kaɗan.

Malam ya gyara murya. Ya fara addu'a.

Matsin ya tsaya.

"Amin."

Daga ko'ina. Daga bango, daga rufi, daga ƙarƙashin tabarmar da yake durƙushe a kai. Manya da yara. Duk gaɓar da Malam ya kai, amin. Saifullahi ya tsinci bakinsa yana faɗa tare da su.

Addu'a ta ƙare.

"Ba ta yau ba ce," in ji raɗar da ke kunnensa.



Sai wata murya daga wajen buzu, tsohuwa ƙwarai, ba fushi a cikinta ko kaɗan.

"Sake shi. A gidansu ba a koya masa ba ne."

Aka sake shi.

Tabarmi suka yi ƙara, ɗaya bayan ɗaya. Ƙofa ta buɗe. Da rarrafe ya fita, ya faɗi gaban zaure, a ƙafafun Malama Raudatu.

Ciwon hannu bai dame shi ba kamar maganar nan. Mahaifiyarsa ta koya masa sallama tun bai iya sa wando ba. Yau ya jawo mata zagi a bakin waɗanda ba su ma san ta ba.

A gidan ya kwana. Da safe ya yi sallama a ƙofar ɗakin, ya jira, sannan ya shiga. Faifan ya saku ba gardama. Komai ya kwafu, ban da wutsiyar karatun ƙarshe. Ya tafi da tsohon faifan Makarfi, ya bi shi lungu-lungu da duk dabarar tono fayil da ya sani. Ya tono hotunan da aka goge tun bara. Bai tono wurin da Malam ya yi tari ba.

Da ya koma ya gaya mata, a tsugune, kansa a ƙasa.

"Ka ci abinci kuwa?" ta ce.

Gara ta mare shi.

Hannun ya warke, sai dai wani zobe fari da ya zagaye wuyansa, inda gashi ba ya fitowa. Yanzu in aiki ya maƙale a na'ura, Saifullahi saƙon mutunci yake aikawa, ya naɗe hannu ya jira. Abokan sana'a suna masa tsiya wai ya tsufa. Ba ya tankawa, shi da a da ba a gama masa magana.

Yana zuwa Gazara duba kwamfutar, da hantsi. Duk zuwan da zai yi, Malama Raudatu da kanta take fitowa da kwanon ruwa ta ajiye a gabansa, ba wanda ya ce ta kawo.

Har yau bai iya sha ba.