Mama a Kyamara Ta Biyu

Tsoro ne ya kai Auta shagon Injiniya ranar farko, ba wani abu ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu, shi kuwa kansa na cikin wata kwamfuta da ya farke wa ciki. Da ya ɗago suka haɗa ido, sai sukudireba ta suɓuce daga hannunsa ta gangara ƙarƙashin tebur. Bai ma bi ta kanta ba.

"Sannu da zuwa, malama. Me ya lalace?"

"Ban sani ba ko lalacewa ce," ta ce a hankali. "Mamana ce ke fitowa a talabijin ɗinmu."

"To ai abin murna ne."

"Wata takwas ke nan da rasuwarta."

Murmushinsa ya ɗauke. Ya jawo mata kujera, ya goge da hannun rigarsa, ya ce ta zauna ta ba shi labari tun daga farko.

Kyamarori huɗu ne a gidansu, an haɗa su da wata na'urar naɗa hoto da ke ƙarƙashin talabijin ɗin falo. Wanda ya kafa su ɗan abokin Baba ne, saurayin da kowa ke kira Na-Sani, don ba a taɓa fara magana a gabansa bai ce "ai na sani" ba. Shi ne kuma wanda Baba ke ta yi wa Auta sha'awa. Tun bayan rasuwar Mama, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai Mama ta bayyana a kyamara ta biyu, ta ratsa barandar da ke tsakanin falo da kicin.

"Baba ya daina fita," in ji Auta. "Yana zaune gaban allon nan yana jira. Duk layinmu shi kaɗai ke murna in an ɗauke wuta. Ni kuwa ko ruwa zan ɗebo a kicin sai na rufe ido na bi ta barandar."

Washegari da yamma Injiniya ya zo. Baba ya amsa gaisuwarsa da ƙyar, ya ce ya kalla da ido amma kada ya taɓa komai. Suka zauna su uku shiru, sai fankar sama da ke juyi. Can kuwa ta tsaya cak, allon ya mutu. Ba wanda ya motsa har kusan minti goma, sannan fankar ta soma juyawa.

Allon ya kawo, ya rabu gida huɗu. A gida na biyu, labulen kicin ya motsa. Mama ta fito riƙe da butar shayi, tana ɗan ɗingisa ƙafarta ta hagu kamar yadda ta saba. Ta zo tsakiyar baranda ta tsaya, ta ɗago kai ta dube su ido cikin ido, ta ɗaga hannu.

Auta ta waiwaya ta dubi barandar ta gaske. Ba kowa. Labulen ma ko motsi ba ya yi.

"Sannu da aiki," Baba ya ce wa allon, da muryar da bai taɓa yi wa kowa magana da ita ba sai Mama.

Auta ta saci kallon Injiniya. Tsikar jikinsa ta tashi, ta gani a hannunsa, amma bai kawar da kai ba. Ya matsa ya karanta ƙananan lambobin da ke gefen hoton, sannan ya durƙusa ya kara kunne kusa da na'urar.

Sai da ta rako shi bakin ƙofar gida ya yi magana.

"Ba fatalwa ba ce, malama. Kwanan watan da ke jikin hoton ya fi shekara. Wanda ya kafa na'urar bai saita ta ta riƙa share tsohon hoto tana ɗora sabo ba, sai faifan ajiyar ya cika cikin sati uku, ya daina ɗaukar komai. Akwai kuma wani ɗan batir a ciki mai riƙe agogo, ya mutu. Shi ya sa duk sa'ad da wuta ta dawo, na'urar ke komawa ranarta ta farko ta nuna abin da ta fara gani."

"Kana nufin shekara guda kyamarorin nan ba sa gadin komai?"

"Ko hoton ɓera ba su ɗauka ba. Amma kuskuren nan shi ya ajiye miki Mama."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye ya biyo baya. Ya jira ta share.

"Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Na ji faifan yana ƙara, ƙas, ƙas. Faifai in ya fara haka, mutuwa yake yi. Duk ɗauke wuta ɗaya tana rage masa kwana. In ba a kwafe abin da ke ciki ba, wata rana wuta za ta dawo Mama ba ta fito ba, kuma shi ke nan."

Daga ranar saƙonni suka fara. Na farko aiki ne zalla: "Malama, a bar iska tana shiga bayan na'urar, kada a rufe ta da ƙyalle. Zafi na kashe faifai." Kafin sati biyu, malama ta bi ruwa.

"Autar Baba, kin ci abinci? Na buɗe kwamfuta uku yau, duk sunanki nake gani a ciki."

"Injiniya, ka je a duba ka. Kila kai ma batirinka ne ya mutu."

"Ya mutu tun ranar da kika shigo shagona. Kullum ranar nake komawa."

Ta karanta wannan sau bakwai a tsaye a baranda, sai daga baya ta lura idonta a buɗe yake.

Sau uku tana yi wa Baba maganar kwafe faifan, sau uku yana cewa ba mai taɓa masa na'ura. Ƙarar kuwa sai ƙaruwa take. Wata rana wuta ta dawo, Mama ta fito, fuskarta ta tsattsage gida-gida ta daskare a tsakiyar baranda, hannu a sama, na tsawon lokaci.

Ranar da Baba ya tafi ganin likita, ta kira Injiniya.

"Ka zo ka ɗauki faifan. Baba ya amince."

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa."

Ƙarya ta yi, kuma ta san ƙarya ta yi. Ta ɗauka aikin awa biyu ne, a mayar kafin Baba ya dawo. Injiniya ya zo ya cire faifan ya naɗe a tawul kamar jariri, sai a nan ya gaya mata cewa faifai mai ciwo a hankali ake karanta shi, yana iya cin kwana goma. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, kunya ta hana ta.

Baba ya dawo tare da Na-Sani, wanda ya kai shi asibiti a motarsa. Da yamma wuta ta tafi ta dawo. Gida na biyu ya nuna baranda fayau, ba kowa. Baba ya jira. Ya ƙara jira. Na-Sani ya leƙa cikin na'urar ya ga ba faifai. Da Auta ta ce yana wurin Injiniya, sai ya miƙe yana kaɗa kai.

"Ai na sani! Na san halin masu gyaran nan, Baba. Abu na farko da suke yi wa faifai shi ne fomat. Ya share ta tas."

Auta ba ta taɓa ganin Baba haka ba. Bai yi tsawa ba. Ya sa ta kira Injiniya, ya karɓi wayar.

"Samari, na binne matata sau ɗaya, ka sa na sake binne ta. Ka shigo gidana ba da izinina ba. Kada ƙafarka ta sake taka nan, kada ka sake neman 'yata."

Injiniya bai ce Auta ce ta ce an amince ba. "Ka yi haƙuri, Baba," kawai ya ce.

Saƙonsa ya shigo bayan awa guda: "Kin ce da bakinsa ya faɗa. Ban taɓa ɗaukar kayan mutum ba da saninsa ba sai yau. Zan gama aikin don Mama. Kada ki kira ni, Baba ya hana."

Kwana tara gidan ya yi tsit. Baba na zaune gaban allon da ba ya nuna kowa, abinci sai an yi da gaske. Na-Sani na zuwa kullum da 'ya'yan itace da shawarwari. Abin mamaki, yanzu da Mama ta daina wucewa ne barandar ta fi ba Auta tsoro. A rana ta shida ta kasa jurewa, ta durƙusa gaban Baba.

"Ni ce na yi masa ƙarya, Baba. Na ce ka yarda. Ya rufa min asiri ne kawai. Ina son shi, kuma na cuce shi."

Baba ya daɗe yana kallonta. Sannan ya mayar da idonsa kan allo.

A rana ta goma, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Injiniya ne tsaye a waje, bai tako ciki ba, idanunsa sun yi zuru-zuru. Ya ce a gaya wa Baba saƙo ya kawo, in an karɓa zai juya. Baba ya ce ya shigo.

Ya durƙusa ya ajiye ƙananan faifai uku a kan tebur.

"Baba, tsohon faifan ya mutu jiya. Amma kafin ya mutu na kwashe kusan duk abin da ke ciki."

"To mayar da ita yadda take. Wuta ta dawo, ta fito."

"Ba zan yi maka alkawarin wannan ba, Baba. Hoto ne. Daga yau sai ka danna za ka gan ta."

"Ka ɗauka ban san hoto ba ne?" in ji Baba. "Na sani tun ranar farko. Amma ita ke zuwa da kanta, ba ni ke kiran ta ba. Shekara talatin da huɗu haka take shigo min da shayi ban tambaya ba."

Auta ta toshe bakinta da gyale.

"Gaskiya ne, Baba, wannan kam ba zan iya dawo maka da shi ba," Injiniya ya ce a hankali. "Amma abin da kake gani bai kai minti ɗaya ba. A nan akwai kwana ashirin da ɗaya, daga kyamarori huɗu."

Ya haɗa ƙaramar kwamfutarsa da talabijin ya danna. Ga Mama a tsakar gida tana shanya kaya, iska ta ɗauke hular Baba daga kan igiya, ta bi ta da gudu tana ɗingishi tana dariya. Ga Baba da kansa ya shigo hoton, ta ɗora masa hular a karkace.

Baba ya yi wata irin dariya mai haɗe da kuka. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a sake. Na-Sani, da ya shigo tsakiyar abin, ya buɗe baki zai ce wani abu, ya rufe, ya ajiye ledarsa ya fice. Bai sake dawowa da maganar aure ba.

Da Baba ya natsu, ya nuna faifan da ke kan tebur.

"Me ya sa uku?"

"Abu mai daraja ba a ajiye shi wuri ɗaya, Baba. Ɗaya na kallo ne. Ɗaya ka kulle a akwati, duk bayan wata shida a jona a tabbatar yana aiki. Na ukun kuma ba a gidan nan zai zauna ba, saboda gobara ko ɓarawo. A wani gida daban, na wanda ka yarda da shi."

Baba ya juya faifan a hannunsa. Ya dubi Injiniya, ya dubi Auta da ke maƙale a bakin ƙofa.

"'Yan'uwana duk sun yi nisa," ya ce. "Sai dai ka je ka nemi gidan. In ka samu, ka turo manyanka. Ita wannan mai ƙaryar ita za ta kai shi can."

Auta ta ruga ɗaki. Tana faɗawa kan gado wayarta ta yi ƙara.

"Autata, Baba ya ɗage dokar. Na yafe miki tun rana ta biyu, sauran kwanakin kewa ce kawai."

"Ba zan ƙara yi maka ƙarya ba, Injiniyana. Da bakina na faɗa."

Bayan wata uku aka ɗaura aure, gida ya cika da dangi da abokan arziki. Da aka zo tafiya da amarya, Auta ta durƙusa gaban Baba tana kuka kamar ranta zai fita. Ya ɗora hannu a kanta ya daɗe yana sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari, kowa na amsawa da amin.

Sannan ya zaro ƙaramin faifan daga aljihu, naɗe a cikin wani tsohon ɗankwali, ya sa mata a tafin hannu ya rufe da nasa.

"Tashi, Auta," ya ce. "Uwarki za ta raka ki."