Ina Maulud Yake Zuwa Ranar Juma'a?

Wata Asabar Maulud ya shigo ƙaramin asibitin da Mansura take aikin jinya a unguwar Badi'a, can ƙasar waje inda suke zaune, leɓensa a fashe. Injiniyan lantarki ne ɗan Zariya, mazaunin unguwar Suwaidi.

"Faɗa ka yi?" ta tambaye shi tana shafa masa magani.

"Ina ni ina faɗa, Sista?"

"To me ya same ka?"

Maimakon amsa, sai ya yi murmushi ya tambayi sunanta.

Kafin wata huɗu soyayya ta yi nisa. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashinta: "Zumata, kin tashi lafiya? Ki karya kafin ki fita, don Allah."

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Duk Juma'a, daga la'asar zuwa magariba, wayarsa a kashe take. In ta tambaya, sai ya ce "hidima ce", ya sauya magana.

Kamil, likitan da ke aiki da mahaifinta, wanda ya daɗe yana sonta, shi ya ƙara hura wutar.

"Ba ɓata shi nake ba," in ji shi, "amma na gan shi yana shiga wata istiraha, irin gidan shaƙatawar nan na haya, a bayan gari da baƙar jaka. Mace ce ta buɗe masa ƙofa."

Kwana biyu bayan nan, Maulud ya zo gaishe ta, wayarsa ta yi haske a kan tebur. Ta ga saƙo da Turanci daga wata Rosa: "Juma'a, ƙarfe huɗu. Kar ka makara."

Bayan ya tafi ta rubuta masa: "Wace ce Rosa? In wasa kake da ni, ka faɗa min tun kafin magana ta je gaban Baba."

"Ba abin da kike zato ba ne, Zumata. Ki ba ni lokaci."

Ba ta ba shi ba. Ranar Juma'a ta roƙi wanta, Yaya Amir, ya tuƙa ta, suka bi motar Maulud daga nesa.

Tun daga bakin ƙofa suka ji ƙara: ƙahonin tagulla da ganga, kiɗa mai sauri kamar zai ɗaga mutum daga ƙasa. A tsakar gidan maza goma sha ɗaya ne, 'yan Meziko masu walda da injiniyoyi, ɗaya ya rungumi wani ƙaton ƙaho da ya kusa rufe shi. Na sha biyu Maulud ne, kumatu a kumbure, yana busa. Wata dattijuwa mai furfura tana raba musu lemo.

Da ya gan su, busar ta yanke.

"Ga Rosa, matar shugabanmu," ya ce a sanyaye, yana nuna dattijuwar. "Sunan kiɗan da yarensu 'banda', na rawar bikin garinsu ne. A wurin aiki na ji suna neman mai busa, ni kuma tun sakandare nake busa bigila. Busar nan ce ma ta fasa min leɓe."

"Shi ne ka bar ni ina kuka?"

"Yaya Amir ne ya taɓa ce min Baba ba zai ba makaɗi 'yarsa ba. Tsoron rasa ki nake."

Haka kuwa aka yi. Mahaifinta, Dakta Bashari, ya ce sam. Maulud ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, in ka ce in bari, yau na bari. Amma ɓoyewar da na yi, ita ce laifina, ka yafe min."

Dakta ya sallame shi. Sati uku yana bincike, daga limamin masallacin su Maulud har manajansa, bai ji wani aibu ba. Sannan ya kira Mansura.

"Ke ce za ki zauna da ƙarar nan. Kin yarda?"

Ta sunkuyar da kai. "Na yarda, Baba."

Bayan Ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Dakta ya dafa kawunansu.

"Kada ɗayanku ya sake kwana da zargin ɗaya. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Duk ɗakin aka amsa, "Amin."