Mutumin da ke Gefen Hoto

"Cire ta," in ji Halina. "Orisiya, na ce ki cire rigar nan."

Orisiya ta tsaya a tsakiyar ɗakin motsa jiki na tsohuwar makarantar, sanye da doguwar farar riga, gashinta kwance a baya, an ɗora mata zoben busassun ganye a ka. A bayanta ragar ɓad-da-kama da suke saƙa wa sojoji tana rataye jikin katako, rabi ta cika da tsummoki launin ƙasa, rabi fayau. Duk matan suka dakata da ɗauri.

"Mama, hoto ne kawai..."

"Hoton mavka. Yarinyar da ta mutu ba ta yi aure ba, take yawo a daji. Bara na binne ɗan'uwanki Levko. Ba zan tsaya ina kallon ki cikin kayan matattu ba."

"Ni da aka ba kikimora ban yi ƙorafi ba," in ji Iya Stefa daga cikin rigar maharba mai kama da tarin ciyawa. "An duba ɗakin nan kaf aka ce ni na fi kama da dodanniyar fadama. Ko kwalliya ba a ce in ƙara ba."

Aka yi dariya kaɗan, ban da Halina.

Zoryana, mai ɗaukar hoton da ta zo daga Kyiv, ta sauke kyamararta. Gari-gari take bi tana ɗaukar matan sa-kai cikin shigar halittun tatsuniya, don duniya ta ga hannayen da ke ɓoye sojoji daga idon jirage marasa matuƙi.

"Ku yi haƙuri, Gwaggo," ta ce wa Halina. "Ban sani ba."

"Ba laifinki. Jibi ma za mu bar garin. Ƙanwata na jiran mu a Poland."

Orisiya ta sunkuyar da kai. Da farko ta ƙi tafiyar nan. Amma tun bazara Miron, wanda suka yi alkawarin aure, ya turo mata saƙo daga bakin daga: ya sami wata, kada ta jira shi. Daga nan ya toshe lambarta. Ta yi kuka har ta gaji, ta ci gaba da ɗaure tsummoki har yatsunta suka yi kanta, ƙarshe ta ce wa uwarta to.

Da aka zauna shan shayi, Zoryana ta matso kusa da Orisiya da kyamararta don ta rarrashe ta.

"Zo ki ga hotunan makon jiya. Asibitin masu rauni ne a Dnipro. Matan da ke jinya a can, su ma 'yan sa-kai ne."

Orisiya tana turawa da yatsa ba tare da ta kula sosai ba. Ga wata mata tana aske wani soja. Ga wata tana raba tuffa. Sai ta tsaya.

A gefen hoton, can bakin taga, wani mutum na zaune a keken guragu, ya juya wa kyamara rabin fuska. Ƙafar wandonsa ta dama a naɗe take, an maƙale ta da fil. Kuncinsa ya ƙone ya tattare. Amma ya kama leɓen kunnensa da yatsu biyu yana murzawa, yadda yake yi tun suna aji ɗaya idan abu ya dame shi.

"Ƙara girman nan," ta ce. "Nan... don Allah."

"Wannan? Ya hana ni ɗaukar sa, bisa kuskure ya shigo. Ba ya magana da kowa. Sun ce tun bazara yake can, ba wanda ya taɓa zuwa duba shi."

Kofin shayin ya suɓuce daga hannun Orisiya.

"Mama! Miron ne... Mama, zo ki gani, ba wata mace, ƙarya ya yi mini..."

Halina ba ta taso ba. Tana zaune da almakashi a cinya, idonta a ƙasa. Orisiya ta dube ta, ta sake duban ta.

"Kin sani."

"'Yata..."

"Kin sani, Mama?"

"Shi ya kira ni daga asibitin. Ya ce in rantse ba zan faɗa miki ba. Ya ce in ɗauke ki daga ƙasar nan."

"Kika yarda. Kina jin kukana ta bango, kika yi shiru."

"Na yarda!" Halina ta miƙe, almakashin ya faɗi. "Ɗaya ta rage mini. Ke kaɗai. Idan na faɗa miki, za ki tafi Dnipro inda makamai ke faɗowa kullum. Ki tsane ni, na yarda, in dai kina numfashi."

"Wannan ba numfashi ba ne, Mama."

Ta cire zoben ganyen ta ajiye, ta sauya kaya, ta fita. Ba wanda ya tare ta.

Washegari da sassafe tana tsaye a tashar jirgin ƙasa, sai ta ji an ajiye jaka kusa da ƙafarta. Halina ce, da ɗankwalinta baƙi, rungume da tukunya naɗe cikin tawul. Jirgi ya iso, suka shiga tare. Haka suka zauna fuska da fuska har Dnipro, kowa na kallon taga.

Suka same shi a wurin da hoton ya nuna. Da ya gan ta, sai ya kama ƙafafun keken zai juya, ya yi karo da gado.

"Wa ya faɗa miki?"

"Miron..."

"Ki koma. Na ce miki na sami wata."

"Ina take? Nuna mini ita in gaishe ta."

"Orisiya, ki dube ni da kyau." Ya juyo mata da ɓangaren da ya ƙone. "Dubi. Ba na barci. Ina ihu har sai an zo an danne ni. Ko banɗaki sai an kai ni. Wannan za ki aura?"

Ta durƙusa a gabansa, ta kai hannu kuncinsa. Ya kauce.

"Masoyina, ni na saƙa ragar da ta kasa ɓoye ka. Kullum ina ɗaure tsumma ina tsine maka, ina kuma roƙon Allah ya sa a kanka za a shimfiɗa ta. Ka bar ni ina tsine maka kana nan kai kaɗai..."

"Gara tsinuwar da tausayi."

"Ba tausayi ya kawo ni ba."

"Ki tafi. Don Allah, ki tafi." Ya ɗaga kai ya ga Halina a bakin ƙofa. "Gwaggo, kun yi mini alkawari. Ku ɗauke ta."

Halina ta shigo a hankali. Ta ajiye tukunyar a kan durowa, ta tsaya tana kallon ƙafar wandon da aka naɗe, ta daɗe.

"Na yi maka alkawari," ta ce. "Kuma na cika, har na kusa rasa ta. Yanzu ka saurare ni. Nawa ɗan da ƙafafunsa biyu aka kawo mini shi, fuskarsa lafiya lau, kamar mai barci. Na wanke shi da hannuna. Da za a ce in zaɓa, da na karɓe shi ba ƙafa ko ɗaya, yana ihu har gari ya waye, in riƙa tashi ina danne shi ina gode wa Allah." Ta matso kusa da shi. "Kai an dawo da kai, kana korar mutane."

Miron ya rufe fuska da hannu. Kafaɗunsa suka fara rawa. Orisiya ta rungume shi, wannan karon bai kauce ba.

"Ina tsoro, Orisiya," ya ce cikin gashinta. "Ina tsoron wata rana ki farka ki yi nadama."

"Ni ma ina tsoro. Sai mu ji tsoron tare."

A waje jiniyar gargaɗin hari ta fara kuka. Wata nas ta leƙo ta ce kowa ya sauka mafakar ƙarƙashin ƙasa. Halina ta share ido da bakin ɗankwali, ta ɗauki tukunyar miyar ta ɗora wa Miron a cinya.

"Riƙe da kyau, ɗana, kada ta zube."

"Gwaggo... motarku ta zuwa Poland gobe fa?"

"Bari ta tafi da masu tafiya."

Ta zagaya bayansa, ta kama hannun keken guda, ta bar wa 'yarta ɗayan, suka tura shi tare.