Bikon Da Ya Jira Jarrabawa

Babanmu, Malam Uba na Kura, ya rasu ana tsakiyar dashen tumatir a shekarar 2005. Bai bar mana tarin dukiya ba, gonar rani ce guda a bakin kanal da gidan da muka tashi a ciki. Babban abin da muka rasa shi ne mutumin da in ya ce "ya isa" kowa zai kama bakinsa. Ni ina aure a Madobi. Abin da ya biyo bayan rasuwar a kan Surayya ya faɗo, matar ƙanena Mudassiru, kuma wannan labarinta ne.

Ranar da abin ya fara, da hantsi, Surayya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, wani littafin turanci mai kauri yana buɗe a gefenta. Mudassiru yana kai-kawo a tsakar gida, hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta.

"To Injiniya," in ji ta, "mene ne aikin kwamfi... kwamfiresa?"

"Shi yake matse gas ya tura shi, kamar yadda zuciya take tura jini."

"Kwandensa fa?"

"Nan gas yake sauke zafin da ya ɗebo daga cikin firji, ya koma ruwa."

"Ka ci. Amma littafin bai ce zuciya ba, kai ka ƙara gishiri!"

Ya yi dariya. "Ke da kika tsaya a sakandare, kin fi malaman jami'a tsanani."

"Ai gara in kayar da kai a tsakar gida da a kayar da kai a Kaduna."

Mudassiru ya karanta aikin injina a jami'a, yana aiki da wani kamfani a Kano da ke haɗa manyan firji da ɗakunan sanyi. Sai dai wanda bai ci jarrabawar hukumar injiniyoyi ba, ba ya sa hannu a kan aiki, yaron wani yake zama har ya tsufa. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, a Kaduna. Kamfanin ya ba shi hutu, ya kuma gaya masa gaskiya: in bai samo shaidar bana ba, kujerar ta wani ce. Baba kuwa, lokacin yana raye, da ya gaji da ganin tumatir yana ruɓewa a kwando duk kaka, ana yanka sauran ana shanya kauɗa a bakin titi, kullum cewa yake, "Ku bar yaron nan da takardunsa."

Suna cikin haka babban yayanmu, Dattijo, ya yi sallama. Shi fataucin tumatir yake zuwa Legas, kuma tun ranar sadakar uku ya ɗauki kansa a matsayin uban gida.

"Har yanzu ana nan ana karatun ƙanƙara?" in ji shi. "Gobe ruwa zai zo layinmu, ni kuma mota tana jirana. Ka ajiye takardun nan ka kama gona."

"Yaya, ai akwai 'yan ƙwadago..."

"Ɗan ƙwadagon da ba mai gona a kansa? Ko ya bar wa maƙwabci rabonmu, ko ya cika kwami da ruwa ya kashe dashe. Gonar ubanka ce, ba ta baƙo ba!"

A nan Yaya Dattijo bai yi ƙarya ba. Ruwan kanal bi da bi yake. In aka buɗe wa layinku ba ka nan, sai ka jira ya zagayo, ɗanyen dashe kuwa ba ya jira.

Mudassiru ya kama gona. Ya fita da sassafe, ya dawo jiki duk taɓo, ya buɗe littafi sai gyangyaɗi. Bayan ban-ruwa ga cire ciyawa, ga feshi, ga zuba taki. Wata la'asar Surayya ta shigo ɗaki ta same shi yana jera littattafan a kwali.

"Ina za su?"

"Saman sif. Na haƙura sai baɗi."

"Baɗin da kamfani ya ce babu?"

"To ya zan yi, Surayya? Wa zai ba tumatir ruwa?"

"Ni."

Ya ɗago ya dube ta. "Please, ba lokacin wasa ba ne."

"Na yi kama da mai wasa? A gonar babana a Bunkure na tashi. Kafin in iya ɗaura zane na iya jan tiyo. Abu ɗaya nake nema a wurinka, izini."

"Kin san abin da gari zai ce? Amaryar da ba ta shekara ba, a bakin kanal cikin maza?"

"Gari ya faɗi abin da zai faɗa. Gari ne zai ciyar da mu in an ba wani kujerarka?" Ta fizge kwalin ta juye littattafan a kan gado. "Ka ce ka yarda."

Ya ce, "Na yarda. Amma ba ke kaɗai ba, ki bi su Iya Talatu."

Iya Talatu tsohuwa ce mai jagorantar matan da ke aikin gona a unguwarmu. Ranar ruwa Surayya ta bi su, da dogon hijabi da takalmin roba. Ta nutsa tiyo a kanal har ya cika, ta toshe bakinsa da tafin hannu, ta fizgo shi ƙetaren gaɓa, ruwa ya kama gudu cikin kwami. Mazan maƙwabta suka daina aiki suna kallo.

"Amarya, ina angon?" in ji Baballe mai gonar gefe. "Ko yana gida yana daka?"

"Yana gida yana karatun da zai hana tumatirinka ruɓewa, Baballe. Matsa, ƙafarka tana kan dashena!"

Mata suka tuntsire da dariya. Iya Talatu ta ce, "Ka taɓo gidan rina, ɗan nan!"

Da Yaya Dattijo ya dawo daga Legas, tun a kasuwar tumatir aka tare shi da zancen. Ya shigo gida ko takalmi bai tsaya cirewa da kyau ba, ya tara kowa a ɗakin Innarmu, Inna Kulu, wadda take cikin takaba, carbi a hannu.

"An mai da mu abin nuni!" in ji shi. "Kabarin Baba bai bushe ba, surukarsa tana cacar baki da ƙarti a bakin kanal, ɗansa kuma yana ɗaki, mijin-ta-ce!"

"Yaya, ni na ba ta izini."

"Ka rufe mini baki! Ta tattara ta tafi gidansu. Ba mai zuwa bikonta sai ranar da ka ce ka bar jarrabawar nan ka koma gona. Ni ne a madadin Baba, na kuma gama magana."

Surayya ta durƙusa, hawaye yana zuba amma muryarta ba ta rawa. "Yaya, zan tafi, don kai babba ne. Amma ban yi abin kunya ba. Da lulluɓina na fita, da izinin mijina, gonar gidan nan na shayar. In an sake buɗe ruwa gobe, hakan zan sake yi."

Kowa ya dubi Inna. Inna ta share ido da gefen mayafi, ta ci gaba da jan carbinta.

A wajenmu, in mace ta koma gidansu, dangin miji ba sa barin abin ya yi nisa. Manya suke zuwa biko su ba da haƙuri a mai da ita. In aka yi shiru, an ce ba a so ke nan. Kasuwar Bunkure ta ci, ta sake ci, ba wanda ya leƙo. Mahaifin Surayya, Malam Jaji, ya fara huci.

"Ba tsintar ki na yi ba," in ji shi. "In ba sa so, zan aika a karɓo miki takardarki, kowa ya huta."

Ana gobe za a tafi Kaduna, da azahar, Mudassiru ya iso Bunkure a kan babur. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Surayya ta same shi a zaure.

"Na yanke shawara," in ji shi. "Zan gaya wa Yaya na bari. Gobe za mu zo da su Kawu a mai da ke."

"Gobe? Goben da za ka hau mota?"

"Surayya, Babanki yana maganar takarda. In rasa ki saboda jarrabawa? Wallahi da ita da kamfanin duk ba su kai ƙurar takalminki ba."

Maganar ta shige ta. Ba abin da take so a ranar kamar ta ɗauko mayafi ta hau bayan babur ɗin nan. Amma ta dube shi ido cikin ido.

"To ka ji ni da kyau, Injiniya. In ka zo da su gobe, ba zan fito ba. Ko limamin Kura ka ɗauko, ba zan fito ba! Na sha rana, na sha baƙar magana, an kore ni kamar ɓarauniya, sannan ka ce duk a banza? In koma gidan a ce ga wadda aka horar, kai kuma ka ƙare rayuwarka kana riƙe wa wani sifana? Je ka rubuta. In ka rubuta, ka zo."

"In Baba ya aika kafin in dawo fa?"

"Baba nawa ne. Ka bar ni da shi."

Ya tafi yana waige. Ita kuma ta wuce kai tsaye wurin mahaifinta, ta durƙusa.

"Baba, ba yaji na yi ba, kuma ba mijina ya kore ni ba. Yanzu ya zo zai zubar da karatunsa don ya mai da ni, ni na hana shi. In ka karɓo takardar nan, ba su ka hukunta ba, ni ka kashe wa aure."

Malam Jaji ya dube ta. "Ke kika kori mai biko?"

"Ni ce, Baba."

"Kafiya dai irin ta uwarki!" Ya girgiza kai. "Tashi ki ba ni wuri. Zan jira, amma ba har abada ba."

Mudassiru yana Kaduna, Yaya Dattijo yana hanyar Legas, ruwa ya zagayo layinmu, tumatir kuma ya fara 'ya'ya. Gonar ba kowa. Surayya ta roƙi mahaifinta, ta hau motar kasuwa, ta sami su Iya Talatu, ta shayar da gonar gidan da aka kore ta, ta koma Bunkure ba tare da ta taka ƙofar gidan ba. Iya Talatu ce ta kai wa Inna labari.

Mudassiru ya rubuta ya dawo, amma Yaya Dattijo ya ƙi sauka daga kan bakansa. Ana nan Inna ta fita takaba. Mun taru, ta yi wanka ta sauya kaya, aka raba sadaka. Muna tsammanin za ta fara zaga dangi yin godiya kamar yadda aka saba, sai ta ce, "Dattijo, nemo mota. Bunkure za mu."

"Inna, ai na riga na ce..."

"Ka ce, na ji. Na yi shiru don ba na son a ji muryata sama ina zaman mijina. Yau na fito. Shekarar da ubanku ya kwanta ciwon baya, kana goye, wa kake tsammani ya riƙa ba gonar nan ruwa? Aljanu? Ni ce, da kai a bayana, kana tsala ihu. An yi da ni a gari, ubanku ya ce wanda ya ji haushi ya zo ya karɓi tiyon. Da tumatirin shekarar aka sai maka rigar sallarka ta fari. In abin kunya ne, to a cikinsa ka girma."

Yaya Dattijo ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin sa haka ba.

Shi da bakinsa ya ba Malam Jaji haƙuri a zaure, Malam Jaji kuwa sai da ya wanke shi tas kafin ya karɓa. Inna ta shiga ciki ta kamo hannun Surayya. "Taso 'yata, gidanki yana jiran ki." A nan ne Surayya ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

A ƙofar gida Mudassiru yana tsaye jikin mota. Ta share fuska ta harare shi.

"Kwandensa ta fito a jarrabawar?"

"Ta fito."

"Ka ƙara gishiri?"

"Ko ƙwaya!"

Sakamako ya zo da faɗuwar damina. Ya ci. Yau shi yake sa hannu a kan aikinsa, kuma ɗakin sanyi na farko da ya haɗa da sunansa, Yaya Dattijo ne ya fara kai kwanduna ciki.

'Yan uwana mata, haƙuri ba shi ne naɗe hannu ba. Surayya ba ta zagi babba ba, ba ta fita ba izini ba, amma ba ta bar tsoron bakin mutane ya kashe alherin gidanta ba. Ku kuma manyan gida, kafin ku kori 'yar mutane don abin da aka faɗa a majalisa, ku shiga ɗaki ku tambayi tsofaffinku.

Abin da ya rage mana a rai, Baba bai ga ranar ba. Duk wanda ya karanta wannan ya taya mu roƙo: Allah Ya jiƙan Malam Uba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa da dukkan iyayenmu da suka riga mu. Ya kuma zaunar da 'ya'yanmu lafiya a ɗakunansu. Ku ce amin.