Hannun da Ya Wanke Ƙafar Ɗantala

Barnabas, malamin lissafi a makarantar lakwal ta Madawa, ya fara ganin Hannatu, ma'aikaciyar jinya, a asibitin mishan, tana ɗauke da kwano cike da mugunya. Duk da haka ya kasa ɗauke ido daga kanta. Kafin damina tana kiransa "Mushena", wato malamina, shi kuwa yana ce mata "Hasken raina".

Da mahaifinsa Ɗantala ya ji yana son aurenta, sai ya tofar da yawu.

"Ɗiyad da ka wankin gyambon mutane? Hannun nan shi dama mini hura? Ga Altine ɗiyar ƙanena, tsab da ita."

Da kaka, kurkunu ya tsinke a ƙafar tsohon. Ƙafa ta ruɓe, ƙudaje suka tare a ɗaki, shi kuma ya rantse ba ya zuwa asibiti. Altine mai tsabta ta leƙo sau ɗaya, ta yi amai a bayan rumbu, ba a sake ganin ƙeyarta ba.

Hannatu ta zo da kwalba biyu na maganin wanke gyambo.

"Mushena, wanga ƙarhinai takwas, shina ƙona nama. Wanga biyu, ba shi kashe komi. Huɗu muka bukata, kofi shida."

Barnabas ya tsuguna yana rubutu a ƙasa. Ya kira kofunan mai ƙarfin x: takwas sau x, da biyu sau abin da ya rage, su ba da ashirin da huɗu. Ita kuwa da ka take yi.

"Daga biyu zuwa huɗu taki biyu, daga huɗu zuwa takwas taki huɗu. Sai a musanya su."

Suka haɗa baki: "Biyu na mai ƙarfi, huɗu na mai rauni."

Ta durƙusa ta kwance tsumman da ke ɗaure da ƙafar. Tsutsotsi suka zubo. Ɗantala da kansa ya kau da kai yana ƙyamar ƙafarsa, ita ko gezau. Kullum sai ta zo, har nama ya tsiro.

Bayan Kirsimeti aka ɗaura aure, kuma da ƙafarsa Ɗantala ya taka har coci. Da aka kawo amarya gida, ya tura mata ƙwarya a gaban jama'a.

"Ɗiyata, dama mini hura. Allah shi yi ma hannun nan albarka."

Ta dama, ya kafa kai ya shanye tas.